Daƙiƙa Arba'in da Uku a Fakon Bunza

Ba da kowa nake tsere ba.
Sau uku na gaya wa Baba Nomau haka.
Ya ce, "To in babu abokin gudu, wa ya koro ka?"
Na ce agogo.
Ya gyara zama a bencin faci, ya ce Allah ya shirya.

Babur ɗin na yayana ne,
shekara tara yana jigilar shinkafa daga fadama zuwa kasuwa.
Na kwance kariya, na cire madubai,
na rage soson kujera har ƙarfe ya soma gaisawa da ƙashina.
Kafireto na wanke a murfin langa,
sarƙa ta kwana biyu cikin baƙin mai.
Hular kwano aro ce,
da warin zufar mai ita a ciki.

Fili yana bayan gari, inda ruwa ya janye
ya bar fako shimfiɗe kamar faifai.
Da igiyar guga muka auna shi, ni da Jabbi,
ja, kafa tsinke, ja, kafa tsinke,
muka ɓace lissafi a ta talatin da ɗaya
muka koma farko, ba mai yi wa wani magana.
Kwana uku muna tsintar duwatsu da ƙayar aduwa.
Wanda zai yi gudu, da tsugune yake farawa,
wannan ba wanda ya faɗa mini.

Tumba ƙanwata ce ke riƙe da lokaci.
Ta ɗaura jan ɗankwalinta a gora, ta kafa a ƙarshen awo,
waya ɗaya a kunne, ɗaya a tafin hannu.
Jabbi na can mafari, in na gifta shi ya yi ihu, ita ta danna.
Gwajin farko katinsa ya ƙare ana tsakiyar ihun.

Asuba ce, iska ba ta tashi daga barci ba.
Na ja baya can wajen giginya, don in iso layi da zafina.
Giya ɗaya. Biyu.
A ta uku salansa ta daina tari ta kama kuka,
a ta huɗu na kwanta, haɓata a kan tanki,
gwiwoyi manne, kamar ƙadangare a jikin tulu.
Ƙasa ta zama ruwa tana kwarara ƙarƙashina.
Hawaye suka bi ta kunne.
Ban ji sunana ba, ban ji bashin da ake bina ba,
sai jan ƙyalle can gaba
yana girma.

Arba'in da biyar.
Aka ce sai na dawo ta inda na fito,
don iska ba ta da amana, in ta tura ka yanzu anjima ta tare ka.
Dawowa arba'in da ɗaya.
Tumba ta haɗa, ta raba biyu da tsinke a ƙasa.

Na ce fulogi ne. Na ce fetur ɗin Ladan gauraye ne.
Ta dube ni kamar yadda Inna ke duban tuwon da bai nuna ba.
Ta ce, "Arzika, na ji kukan injin ya sauka
tun kafin ka iso ɗankwalina.
Hannunka ne ya saki."

Ban musa ba.
Akwai wani wuri, taku hamsin kafin gora,
da kan babur ya soma rawa
na tuna ina da 'ya mai wata bakwai.

Yanzu a bangon rumfa, sama da kwanon gwada tayoyi,
akwai 43 da gawayi.
Ƙasa da ita na rubuta 36, ƙarama, kada a yi mini dariya.
Jiya Baba Nomau ya daɗe yana kallonsu.
Bai ce komai ba sai da zai tafi:
"Ranar Asabar ɗin, ƙarfe nawa?"