Lamba Shida

Buhu tara na shinkafa na kai kasuwar Jega,
na bar biyu a ɗaka saboda bakin yara.
Da kuɗin na hau motar Kano,
gurmina a cinya kamar jariri mai zazzaɓi.

Kwana huɗu a ɗakin da ba taga,
wani yaro da abu a kunne yana ta cewa, "Sake, Baba."
Na sake.
Na sake har maƙogwaro ya yi tsatsa.
Waƙa takwas muka ɗauka.
Ta shida ta Inna ce,
wadda ta tafi ba ta ji ta ba.

Faifai dubu aka buga mini,
da hotona a kai, da hular aro.
Na yi lissafi a bayan kwali:
kowane ɗaya ya ci ɗari da ashirin kafin ya ga rana.
Na ce wa dillali ɗari biyu. Ya yi dariya.
Na ce ɗari da hamsin. Ya kalli fanka.
Ya karɓi kwali uku bashi,
ya ce in leƙo bayan Salla.
Salla uku ke nan.
Matar cikin waya ta gaji da gaya mini
lambarsa a kashe take.

Ashe waƙar ta riga ni zuwa gida.
A tashar Birnin Kebbi, ƙarƙashin yagaggiyar lema,
wayoyi a jere suna shan wuta kamar 'yan awaki a nono,
muryata ce ke fita daga sifika
tana rige-rige da hon ɗin motoci.
Na tsaya, sauran kwali a kaina.
Yaron ya ce, "Baba, mi kaka so? Kawo mimori.
Waƙa hamsin, naira ɗari.
Wagga ma sabuwa ta, ita aka yayi."
Na ce, "Wa ya yi ta?"
Ya duƙa ya duba kwamfuta.
"Babu suna. Lamba shida kawai anka sa."

Hamsin a ɗari.
Na raba a tsaye, na sake rabawa.
Naira biyu ke nan kuɗin Inna.

Na cika baki da magana,
sai idona ya faɗa kan silifas ɗinsa
da aka ɗinke da ƙusa.
Shi ma saye ya yi, wai daga wani a Sakkwato,
wancan daga wani, wanin daga iska.
Wa zan riƙe wa wuyan riga?
In gulbi ya ɓalle
ba a tambayar wace gona ta fara sha.

Kwalayen suka shekara a ƙarƙashin gado.
Faifan Inna na kaba ko ba komai ya rufe ƙwarya,
nawa ko ƙuda bai tare ba.

Sai da jan-baki suka sauko fadamar Argungu
kamar hayaƙi mai yunwa,
Bagudu, ɗana, ya jawo kwali ɗaya bai tambaye ni ba.
Ya zura igiya ta cibiyar kowane faifai,
ya ɗaure daga wannan turke zuwa wancan.
Rana ta buga, suka yi ta walƙiya,
fuskata ɗari biyu tana juyi a iska,
tsuntsu ya ga abin da ya fi ƙarfinsa.
Buhu goma sha ɗaya muka ɗaure bana.
Karo na farko ke nan da waƙa ta biya ni.

Jiya da la'asar ina ɗaurin dami,
wani masunci ya wuce a kwalekwale,
waya a leda, rataye a wuya.
Lamba shida ce.
Yana bi, yana ɓata mini kari,
da ya zo wurin sunan Inna
sai ya sa na tasa uwar.

Na ɗaga hannu in kira shi.
Ya ɗauka gaisuwa ce, ya ɗaga nasa.