Ƙwaya Mai Fuska Ashirin

A Duluth, bakin tafki, inda sanyi ke cizon kunne,
ina da shago a ƙarƙashin titi, matakala tara.
Shekara talatin da huɗu ina sayar da ƙasashen da babu su a taswira:
littafin dokoki, ƙwayar lido mai fuska ashirin,
da ƴan mayaƙan dalma da ba su kai tsawon yatsa ba.

Da can tallana layi uku ne a bayan mujalla,
tsakanin mai tsofaffin kan sarki da mai gyaran agogo.
In biya dala goma sha ɗaya, in koma in zauna.
Bayan wata biyu wasiƙu su fara ɗigowa
kamar rufi mai yoyo, ɗaya yau, gobe shiru.

Wendell Pokorny, daga wani ƙauyen masara a Iowa,
ya rubuto da jan biro:
"Idan mayaƙina ya faɗa rijiya da sulke a jikinsa,
ƙwaya nawa zan jefa?"
Na amsa. Mako uku wasiƙar tana hanya.
Mako uku bawan Allah yana cikin rijiya,
mutum huɗu suna jiransa a teburin ɗakin girki,
ba wanda ya ce an daɗe.

Yanzu Signe, ƴar ƙanwata, ta kafa fitila mai zobe a kantar shago.
"Kawu, ɗaga littafin. A'a, ƙasa kaɗan. Murmushi.
Daƙiƙa uku gare ka kafin yatsa ya share ka."
Ni da nake cinye dare guda wajen buɗe ƙofar kogo ɗaya!

Ta ce mu sayar da littafin tun ba a buga ba.
Na ce, yaushe aka fara cinikin biri a sama?
Ta latsa. Kafin shayina ya huce
mutum ɗari biyu sun zuba karo-karo,
daga Manila, daga Recife, daga garuruwan da harshena ya kasa.
Biri ya sayu, har da wutsiya.

Ba zan ɓoye ba, na biya bashin injin ɗumama shago.
Na daina roƙon dillalin Chicago gefen kanta.
Wata yarinya kurma a Glasgow ta sami teburin zama
ta hanyar da wasiƙata ba za ta taɓa bi ba.

Sai dai na'urar nan ta san kowa, ba ta gaida kowa.
Ta san wanda ya tsaya daƙiƙa shida kan hoton dodo,
ta bi shi har gadonsa da farashi.
Ta ce mini masu son takobi sun fi saye ranar Talata.
Ni kuwa a littafina mai koren bango na taɓa rubutawa:
Wendell, matarsa ba lafiya, kar a tuna masa bashi.
A wane gurbi za a cusa wannan?

Jiya an ga kuskure a shafi na arba'in.
Cikin minti huɗu mutum sittin sun faɗa mini,
goma sha biyu da zagi,
ɗaya da gyaran da ya fi nawa.
Na sa sunanta a bugu na biyu.

Daren Alhamis nakan juya allon ƙofa.
Kujera shida. A kwandon burodi wayoyi ke kwana.
Lowell ya zo da tarinsa, Dorcas da fensir a gashi,
sai wani yaro, Teshawn, da ya gan mu a bidiyon Signe
ya hau bas biyu cikin dusar ƙanƙara
don ya tabbatar da gaske akwai mu.

Na miƙa masa ƙwayar.
Ya juya ta a tafinsa, ya ce ta fi yadda ya zata nauyi.
Na ce, "Kana bakin rijiya, da sulke a jikinka.
Wani yana kira daga ƙasa, ya daɗe yana kira.
Me za ka yi?"

A kwando wata waya ta yi gurnani.
Bai waiwaya ba.
Ya jefa.