Kunnen Hagu na Evaristo

Mahaifina, Evaristo Quilodrán,
shekara ashirin da shida ya yi a ɗaki marar taga
a gindin tudun Valparaíso,
inda jiragen ruwa ke kuka da asuba,
shi kuwa bai ji ba, ƙofar ta yi kauri.
Mawaƙa kan shigo da murya ɗanya kamar duma,
su fita da ita an fafe, an kankare, an yi mata zane.
Sunansu a gaban faifai, da manyan baƙaƙe.
Nasa a baya, can ƙasa,
sai ka sa tabarau.

Ba ya kaɗa komai da kyau. Jita ma kame-kame.
Kunne ne jarinsa.
Ya taɓa tsai da makaɗa tara a tsakar dare,
ya ce akwai abin da ke ƙara.
Aka duba. Kujerar mai ganga ce,
ƙusa ɗaya ta saki.

Sai wata Laraba kunnen hagu ya soma fito,
siriri, kamar butar shayi a gidan maƙwabta.
Likita ya ce wannan butar ba mai sauke ta.
A shekarar ce yara suka koma haɗa kiɗa a gado,
kwamfuta bisa cinya,
wayar ɗakin ta yi gum wata huɗu.
Ya sayar da babban teburin sauti ga wani coci a Quilpué.
Maza shida suka ɗauke shi kamar makara.
Bai raka su ba.
Ya tsaya yana naɗe igiyar lasifika a gwiwar hannu,
ya warware, ya sake naɗewa.

Ni na jingina wayata da gwangwanin gishiri
a teburin girki,
na ce, Baba, faɗa mata abin da ka sani.
Ya ce, da gishiri zan yi magana?
Minti goma sha ɗaya ya yi, rabi gyaran murya.
Mutum goma sha huɗu suka kalla.
Uku daga ciki mu ne.

Amma ruwa ba ya neman izinin gangare.
Wani mai gadin dare a Arica ya aiko da waƙarsa.
Wata yarinya, Ximena, daga Punta Arenas,
tana rera tata a cikin kabad, tsakanin rigunan uwarta,
don iskar garinsu ba ta barin taga ta huta.
Baba ya ce musu: rage, kar ka ƙara.
Ya ce: shiru ma abin kaɗawa ne, kuma kyauta ne.
Ya ce: in ganga da murya suna faɗa,
kar ka raba su da ƙarfi, ba kowa kujerarsa.

Wani ya rubuto: kurma na koyar da ji.
Baba ya karanta da ƙarfi, ya sha shayinsa.

Ranar da ta fi tsaya mini
ita ce ranar da ya yaba wa aikin Ximena,
ya ce tsaf yake, babu ƙura.
Ta ce, Malam, akwai tsaki a hagu, daƙiƙa ta arba'in.
Ɗalibai ɗari uku na kallo.
Ya cire abin kunne, ya juya shi, ya mai da hagu dama.
Ya saurara. Na ga wuyansa ya motsa.
Ya ce, akwai.
Ya ce, ku rubuta sunanta, da manyan baƙaƙe.
Na so in yanke wurin. Ya hana.

Yanzu mun sayi fitila da ƙafar kyamara,
gwangwanin ya koma aikinsa.
Kuɗin na biyan haya, wani watan har da kifi.
Da asuba yakan buɗe taga,
abin da bai samu ba shekara ashirin da shida,
ya juya kunnen dama wajen teku.
Jiya ya ce jirgin da ya shigo
muryarsa ta ɗan sauka daga daidai,
kuma babu wanda zai gaya masa.