Rabin Kai

La'asar sakaliya, Tudun Wada.
Shagona kujera ɗaya, benci ɗaya, madubi mai tsaga.
A ƙofa fastoci biyu, ba ni na manna ba,
da asuba na tarar da su:
mai kan kujera yana murmushi,
mai neman kujera ya fi shi haƙora.

Malam Jumare ke gabana,
shekara talatin da ɗaya a reluwe,
har gobe yana jero tashoshi daga nan zuwa Ƙaura.
Ya ce, "Tanimu, tal-kwabo."
Na ɗora inji a ƙeya.

Ɗayyabu mai keke na kan benci,
rigarsa duk warin mai.
Ya ce, "Baba, har yanzu kana bayan mutumin?
Man da na sha da safe
bai kai ni Samaru ya dawo da ni ba.
Tiyar masara ta yi fiffike.
Maiɗakina ta bar tambayar cefane,
ido kawai take zuba mini."

Malam bai juya ba, ta madubi ya amsa:
"Yaro, wanda ya gaji rami
ba a tambayarsa ina tudu.
Fanshona da kan yi wata tara a hanya,
yanzu kafin wata ya mutu waya ta yi ƙara.
Titinmu da ke haɗiye taya da damina,
kai da kanka ka bi shi jiya."

"Na bi. A tuƙa kwalta a ci da kuka?
Ƙanin matata a gona aka ɗauke shi,
can hayin Galma, da rana tsaka.
Shanun noma biyu muka sayar, da babur,
ya dawo ba ya son a rufe ƙofa."

Nan Malam ya yi shiru.
Ni ma inji kawai na bari yana magana.

Sai ɗif.
Inji ya mutu a hannuna,
fanka ta yi juyi uku ta haƙura.
Janareta tun Talata yake azumi.
Kan Malam kuwa, dama sumul kamar ƙwarya,
hagu furfura tsaye cirko-cirko.

Ɗayyabu ya faɗo daga benci don dariya:
"Ga mulkinku nan a madubi!"

Malam ya shafa inda aka aske, a hankali.
"Ka taɓa nan ka ji. Aiki ne.
Abin da muke faɗa ke nan, a bar shi ya ƙarasa.
Wa ke tashi da rabin aski?"

"Wanzamin da ya shekara huɗu a rabin kai,
Baba, ai sai a nemi wani wanzamin."

"In sabon ya zo ya yanke kunne fa?"

Ni dai na jawo aljihun tebur,
na ɗauko askar babana, na wasa ta a fata.
Duhu ya fara shiga shago.
Na ce, "Ɗayyabu, haska min."
Ya kunna fitilar waya, ya matso,
ya riƙe ta daidai kunnen Malam,
hannunsa bai yi rawa ba.
Motar kamfen ta wuce da lasifika,
ba mu gane ta wace jam'iyya ba ce,
duk kiɗan iri ɗaya ne.
Aska na tafiya, ba mai tari.

Da aka kira magariba na gama.
Malam ya biya, ya laluba aljihu, ba na mota.
Ɗayyabu ya ce, "Hau, Gyallesu ai hanyata ce."
Ƙarya yake, a Jushi yake kwana.
Ina jin su har kwanar masallaci,
ɗaya na cewa fansho, ɗaya na cewa masara.

Ni ba wanda ya tambaye ni.
Katina na nan ƙarƙashin reza da man aski.
Na share furfura a duhu,
mai ruwa ya leƙo, yana bina jarka huɗu.
Na ce ya dawo gobe, in an kawo wuta.