Bolt Sha Biyu

Sama ba ta tsayawa don wani ya gama kallo.
Na koyi haka a daren farko, bisa rufin gidana a Kabala.
Na saita Zuhal a tsakiyar gilashi,
na leƙa ƙasa na kira Ladidi ta zo ta ga zobe.
Kafin ta gyara ɗaurin zane ta hau tsani
ya sulale gefe, ya bar mana baƙi wuluk.

Madubin hangen nesan na marigayi Tanimu ne,
abokin aikina a sigina ta jirgin ƙasa,
shekara ashirin da shida muna raba goro ɗaya.
Ya bar shi da ƙafa uku da ɗan inji a ƙugu
mai juya shi da tafiyar hawainiya,
daidai da juyin sama.
Abin ba shi wuta ne bai bari ba,
sai guntuwar takarda da rubutunsa mai karkata:
bolt sha biyu, kada ka juya kai.

Na fara da wutar gari da wata adafta mai araha.
Ta yi aiki har goma da kwata,
sai Nepa ta ɗauke.
Unguwa ta yi duhu, sama ta fito kamar an wanke ta,
Kaza da 'ya'yanta reras,
ni kuwa injina ya yi shiru.
Ga tuwo ya zo, an ɗauke miya.

Janareta? Na gwada, Allah ya yafe mini.
Rufi na rawa, Zuhal na rawa,
zobensa kamar ƙwai da aka fasa a kasko.
Jatau maƙwabcina ya leƙo ta katanga:
Baba, taurarin ma sai an yi musu hayaƙi?

Ranar Talata na shiga Panteka,
cikin ƙarar guduma da warin walda,
na sami Barau mai batir, rigarsa duk hujin asid.
Ya ce, fanka za ka kunna ko talabijin?
Na ce, tauraro zan bi.
Ya dube ni, ya dubi yaronsa.
Bai yi dariya ba, na riƙe masa wannan.

Ya jera uku a kan benci.
Na mota, ƙato, zai kai ni asuba uku,
amma gwiwata ta ce ba da ita ba, ba a tsanin nan ba.
Na babur kamar bulo ɗin sabulu,
ya ce wannan ɗan gudu ne, ba ɗan tafiya ba,
kafin tsakar dare zai fara haki,
injin ya ja ƙafa, tauraronka ya tsere.
Na ukun baƙi ne, na sola, rufaffe, ba ya zubar da ruwa.
Ya ɗora masa mita, allura ta tsaya cak.
Kuɗinsa ya ci rabin fansho na wata.
Na yi ciniki har bakina ya bushe,
ya rage mini kuɗin keke napep.

Da hannunsa ya ɗaura fiyus a jar waya.
Ya ce, in ka kuskure, gara wannan ya ƙone
da injin mamaci, don ba ni da irinsa.

Daren nan Nepa ta ɗauke, na ce madalla.
Injin na gurnani ƙasa-ƙasa kamar kyanwa ta ƙoshi.
Ladidi ta idar da shafa'i da wuturi,
ta rufe kaji, ta hau tsani a natse,
Zuhal na nan inda na ajiye shi.

Ta daɗe, ido ɗaya a runtse.
Ta ce, ashe Tanimu ba ƙarya yake ba.
Sannan ta nuna batir da haɓa:
wannan, zai yi cajin waya?