Jan Biron Madam Konadu

Bayan isha, in na rufe rumfar faci,
na dirje baƙin mai da omo da yashi,
sai in nufi ajin manya a Aboabo,
in takure gwiwa a bencin da aka sassaƙa don yara.

Madam Konadu ta ce Turanci ba wuya,
abin da ya wuce, ɗaura masa ed a wutsiya.
Walk, walked. Cook, cooked.
Na ce ashe faci ne, ai sana'ata ce:
a shafa gam, a liƙa, mota ta kama hanya.

Kashegari ta kawo masu taurin kai.
Go ya fita, ya dawo went,
ko kamannin gidansu babu,
kamar Tanimu da ya dawo daga Libiya,
uwarsa ma sai da ta duba tabon ƙafarsa.
Buy ya koma bought,
da haruffa biyu zaune a ciki ba aikin fari ba na baƙi,
irin masu kashe wando a tashar Kejetiya.
Put kuwa ya ƙi motsi. Jiya put, yau put.
Shi na fi so. Halin tsohona ne.

Daren Laraba ta ce kowa ya rubuta wani abu kan gidansa.
Na rubuta: Barira is my wife. She sell koko.
Ta tsaya a kaina, ta ƙara s da jan biro,
ta ce, a wane lungu take, in zo in saya?
Na ce tana maƙabartar Tafo.
Damina biyu ke nan.

Biro ya tsaya a sama.
Fanka ta yi ta juyi, wata trotro ta wuce da hon.
Can ta ce, murya ƙasa: to, was. Sold.

Madam, a bakinmu
Barira matata ce.
Wannan ce ɗin ba ta san jiya ba,
ba a tashe ta daga kwance a sake mata riga.
Ban faɗa ba. Ina son takardar shaida.

Na goge is har takarda ta huje,
na rubuta was a bakin ramin.
Ta ba ni goma bisa goma, ba ta dube ni ba.

A gida, tukunyar koko na kife bayan ƙofa,
ludayi a kanta, inda ta aje shi.
Na gwada a hankali, kada yara su farka:
The pot is here.
Wannan dai ba mai gyara min.