Ƙwayoyin da Suka Ƙi Yin Shiru

Ƙarfe biyun dare aka ɗauke wuta.
Na fito da silifas daga Gadon Ƙaya,
na ari babur ɗin maƙwabci,
don firizar ɗakin bincike ba ta san haƙuri ba.
Isyaku mai gadi ya ja janareto sau bakwai
kafin ya yi tari ya tashi.

Wata goma sha huɗu na rayuwata ke cikin sanyin nan:
ƙwayoyin jiki da suka tsufa,
sun daina haihuwa, sun kuma ƙi mutuwa,
sai kururuwar gobara suke
alhali tokar ma ta huce.
Makunni nake nema cikin abin da suka gada,
wanda ya maƙale, ya ƙi kasuwa.

Gwaggo Tasalla ta ce, “Kai mai karatun kumburi,
ga gwiwata nan tun azumin bara.”
Na shafa mata man zafi.
Ban ce gwajin jiya ya ƙi fitowa ba,
ko kuɗin tallafi saura na wata uku.

Ladanin Kabuga ya kira asuba,
na sunkuya kan madubi.
Ga su shuɗi-shuɗi, kamar an ɗiga musu baba.
Na rubuta kwanan wata,
na sake ƙirgawa daga ɗaya.